Hoton Baba Ishaya da Singileti

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi sujada, na tsaya a bakin coci ina kallon wata yarinya. Ta ɗaga waya sama, ta turo baki, ta ɗauki kanta, ta goge, ta sake ɗauka, har na gaji da tsayuwa ita ba ta gaji ba. Da ta hango ni sai ta ce, "Baba Yohanna, ashe aikinku ba wuya, dannawa ce kawai." Na ce mata gaskiyarki 'yata, tuƙin mota ma juya sitiyari ne kawai. To tunda haka kuka ɗauki abin, ku yaran yanzu, ku gyara zama ku ji yadda muka danna namu, ku kuma ji labarin wani hoto da na ɗauka ba da izinin mai shi ba, wanda har gobe ba na da-na-sanin ɗaukarsa.

Maigidana Oga Tunde Bayarabe ne haifaffen Funtuwa, Hausarsa ta fi tawa daɗi, shagonsa na cikin birnin Katsina, kan hanyar Babbar Kasuwa. Kawuna ne ya ɗauko ni daga ƙauyenmu na wajen Malumfashi ya damƙa ni a hannunsa, ina ɗan saurayi, ban taɓa ganin fuskata a takarda ba. Na zo da zumuɗin riƙe kyamara, sai aka ba ni labule. Wani makeken ƙyalle ne da aka zana wa gidan bene da jirgin sama da wata bishiyar da ba a taɓa ganin irinta a ƙasar Katsina ba. Mai son hoto ya tsaya a gabansa ya ɗora ƙafa ɗaya kan kujera, ni kuma ina baya na ɗaga hannu biyu ina riƙe da jirgin sama kada iska ta kayar da shi. In kun samu tsofaffin hotunan iyayenku, ku duba can gefen sama da kyau, yatsun da za ku gani nawa ne.

Daga labule aka ƙara mini girma zuwa ɗakin duhu, inda ake wanke hoton baƙi da fari. Ɗaki ne kamar akurki, ba taga, sai jan ƙwan lantarki guda da tasoshin magani masu warin da ke bin mutum har cikin tuwonsa. Ka tsoma farar takarda, ka yi ta kaɗa tasa a hankali, sai ka ga ido ya fara fitowa, sannan hanci, sannan mutum gaba ɗaya. In ka yi gaggawar cirewa ya fito fari fat kamar wanda ya tashi daga jinya, in ka yi nawa ya ƙone ƙurmus. Na kwana biyu a ɗakin nan kafin Oga ya yarda na san abin da nake yi.

Ranar da ya miƙo mini kyamara bai nuna mini inda ake dannawa ba. Wata 'yar taga ya nuna mini a samanta, ƙarama kamar ƙwayar wake, da lamba a ciki. Ya ce, "Wannan ita ke gaya maka nawa ka ci, nawa ya rage. Fim talatin da shida ne, ba gyara. Kafin ka kalli fuskar kowa, kalli nan." Shi ya sa in kun lura, tsohon mai hoto ba ya danna kyamara da garaje. Yana jira mai ƙifta ido ya gama ƙiftawa, mai gyara hula ya gama gyarawa, akuyar da ta ratso ta wuce.

Akwai wani dattijo daga Gobarau da ya zo hoton fasfo zai tafi aikin hajji. Muka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mutanen gida har da na ƙauye, sannan ya zauna ya ce, "Yohanna, ka ɗauke ni da kyau, hoton ga har Makka za shi." Matsalarsa ɗaya, da ya ga na ɗaga kyamara sai ya runtse ido kamar za a yi masa allura. Na lallashe shi, a banza. Sai na sa ido a gilashin kyamara na ce, "Malam, an ce gero ya faɗi warwas a kasuwa yau." Ya zaro ido ya ce, "Ina?" Na danna. Da ya dawo daga Makka, dabino ya aiko mini da shi, da saƙon cewa har yanzu yana neman inda geron ya faɗi.

Masu hoto kala-kala ne. Akwai wanda zai ce, "Mi ya sa ka hiddo ni baƙi haka?" alhali yadda Allah ya yi shi na fito da shi. Akwai samarin da ke zuwa su huɗu da agogo ɗaya, kowa ya ɗaura in layi ya zo kansa, ya kuma tallafe haɓa don agogon ya fito. Ba ka dariya. Wanda ya zo hoto, darajarsa ya kawo maka ajiya.

Da hoto mai kala ya shigo, ɗakin duhu ya zama wurin ajiye tsintsiya, sai an kai fim Kano a wanke a inji. A nan wata ƙa'ida ta Oga ta samo asali. Wani lokaci aikin gaggawa zai taso, motar Kano na shirin tashi, fim kuma bai ƙare ba. Ana iya naɗe shi haka nan a cire, amma abin da ya rage ya tafi a banza, kuma ba abin da Oga ya tsana kamar wannan. Yakan ce, "Kada ka naɗe fim da saura. In ba mai biya, ɗauki wanda ba ya biya." Mu muna ce wa wannan cike fim. Da cike fim na ɗauki mai shayin bakin shagonmu, da mai facin taya, da 'yan ga-ruwa, mutanen da ba za su taɓa zuwa hoto da ƙafarsu ba. Ko da Oga ya yaye ni na buɗe nawa shagon, ban bar wannan ɗabi'a ba.

Yanzu sai Baba Ishaya. Dattijo ne a ikilisiyarmu, tsohon malamin asibiti da ya yi ritaya, gidansa na bayan Ƙofar Durbi. Mutum ne mai tsari, ko cokali a gidansa ya san wurin kwanansa. Duk ranar da aka ba shi jawabi a sujada, ba ya sauka sai ya tuna mana cewa ba wanda Allah ya sa wa hannu a takardar gobe, don haka abin da za ka yi wa Ubangiji da ɗan'uwanka, yi shi yau. Mu amsa da amin mai ƙarfi. Matarsa Mama Rahila ba ta wa'azi, amma in ta ji wani ba lafiya, ko a coci ko cikin maƙwabtanta Musulmi, tukunya kan wuta za ta bar wa wani ta ɗauki mayafi. In ta yi faɗa da mutum da safe, kafin la'asar ta kai masa ƙosai.

Abu ɗaya matar nan ta roƙa a duniya, a ɗauke ta hoto ita da mijinta. A ƙauye aka ɗaura aurensu, ba mai hoto ko a garin gaba. Har ta tsufa ba ta da hoto, in ban da wani na taron mata da aka ɗauka daga nesa, wanda ba a ganin komai nata sai ɗankwali. Baba bai ƙi ba. Shi dai a wurinsa hoto ba abin wasa ba ne. Sai 'ya'yansu biyar sun taru, kowa ya yi ado, shi kuma ya ciro babbar rigar shaddar da ya ɗinka ya ajiye a akwati don wannan rana kaɗai. To ga 'ya'ya a warwatse, kowace Kirsimeti sai an rasa wani, yawanci Bulus autansu, wanda soja ne an kai shi aiki wata ƙasa.

Duk ƙarshen shekara Mama Rahila za ta biyo shagona ta ce, "Yohanna, bana dai ka shirya." In shirya, in je da kyamara, in tarar mutum huɗu ne ko uku. Ta ce, "Dattijo, a ɗauke mu mu biyu mana, in yaran sun zo a sake." Dattijo take ce masa, rabi girmamawa rabi tsokana. Shi kuma ya girgiza kai ya ce, "Uwar yara, hoto rabi-rabi ba hoto ba ne. A bari su cika." Sai a ba ni shinkafa da nama in ci in koma. Na ci shinkafar gidan nan ta shekaru ban danna ko sau ɗaya ba.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce ta dab da ƙarshen mulkin soja. Man fetur ya yi ɓatan dabo, motar Kano sai an yi sa'a, fim ya yi tsada, mutane kuma ta abinci suke yi. Wani ɗan kasuwa ya shigo mana da fim mai araha, muka yi rububinsa, ashe ya daɗe da lalacewa a zafin sito. Na ɗauki wani biki da shi, hotuna suka dawo amarya kore, ango kore, har tuwon kore. Uwar amarya ta dube su ta dube ni, ta ce, "Malam Yohanna, ɗiyata ce ko ganyen rama?" Da yawa cikinmu suka sayar da kyamara suka kama acaɓa a shekarar nan. Ni hoton fasfo ne ya riƙe ni.

Sai soja suka ce za su miƙa mulki. Kai, ku zo ku ga kasuwa. Duk wanda ke da babbar riga ya zama ɗan takara, duk ɗan takara kuma sai fosta. Wannan ya ce in fito da shi kamar mai kuɗi amma mai tausayin talaka. Wancan ya ce in rage masa tumbi. Bangon Katsina kaf ya cika da fuskokin da na gyara wa hula. Baba Ishaya ma murna ta kama shi, amma tasa daban ce. Ya tare ni a coci ya ce, "Ka ji ko? Soja za su koma bariki. Bulus zai samu hutu, bana hoton ga ba fashi." Mama Rahila na gefe ta ce, "Bara ma haka ka ce, Dattijo."

Ana saura 'yan kwanaki a rantsar da sababbin shugabanni, wani Alhaji da ya ci kansila ya kira ni gidansa a Ƙofar Durbi. Yana son babban hoton da zai rataya a ofis, kuma yana son sa kafin rantsuwa. Na ɗauke shi a zaune, na ɗauke shi a tsaye, na ɗauke shi riƙe da biro yana kallon nesa kamar yana hango titin da zai gina. Da na gama na duba 'yar tagar nan, saura ɗaya. Direban da ke kai mini fim Kano kuwa na san ya kusa cika mota. Na hau babur ina waige-waigen wanda zan cike fim da shi.

Bazara ce, zafi kamar a gasa mutum. Ina karyo kwana sai ga Baba Ishaya da Mama Rahila a ƙofar gidansu, a inuwar bishiyar bedi, wato dogon yaro, sun shimfiɗa tabarma suna ɓarar gyaɗar iri. Baba Ishaya, dattijon ikilisiya guda, daga shi sai tsohuwar singileti mai huji a kafaɗa da wando naɗe zuwa gwiwa. Gardama suke yi, ban san a kan me ba. Ɓawon gyaɗa ya maƙale masa a furfura bai sani ba, yana ta zuba bayani da baki buɗe, ita kuma ta miƙa hannu za ta cire masa, dariya ta ci ƙarfinta. Ban kashe babur ba ma. Na ɗaga kyamara na danna.

Ƙarar kyamarar ce ta juyo da shi. Ya ce, "Yohanna, mi ka yi?"

Na ce, "Fim na cike, Baba."

"Da ni? A haka? Maza ka ƙona shi."

Na ce, "Baba, ai fim ɗin kansila ne. In na ƙona ku na ƙona shi, kuma jibi za a rantsar da shi."

Mama Rahila ta riƙe ciki tana dariya, ta ce, "Tahi abinka ɗana, kada mota ta bar ka." Na ja babur, ina jin Baba yana cewa zai kai ƙarata wurin fasto.

Da hotuna suka dawo, na kansila sun yi kyau yadda aka saba. Amma na ƙarshen nan, ni da na ɗauka sai da na zauna. Hasken la'asar ya ratso ganyen bedi ya sauka a fuskar Mama Rahila daidai, ba abin da zan gyara. Na sa aka faɗaɗa shi. Washegari ta zo, ta goge hannu a zani kafin ta karɓa, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ashe haka nike." Can kuma ta ce, "Ka ga Dattijo, in ya manta da kanshi kyakkyawa ne." Na ce ta bari mako mai zuwa za a kawo mini firam masu ruwan zinariya daga Kano. Ta ce, "Wane mako? Ba ni wanda ke akwai." Na sa mata a wani baƙin firam na katako, ta saka a ƙarƙashin mayafi, ranar nan ta buga ƙusa ta rataye shi a falo.

Daga nan aka shiga yaƙin sunƙuru a gidan. In Baba ya ji sallamar baƙo, sai ya yi wuf ya juya hoton ya kalli bango. Baƙo na fita ta juyo da shi. Wani lokaci ma baƙon na zaune za ta shigo da ruwa, ta ajiye, ta juya hoton, ta fita abinta. Baba ya daina amsa gaisuwata da kyau, sai dai ya ce "lahiya" a taƙaice ya wuce.

Aka miƙa mulki, aka yi ruwa, suka shuka gyaɗarsu a wata 'yar gona a bayan gari. Bulus ya aiko cewa an dawo da su gida Najeriya, Kirsimeti da shi za a yi. Baba ya ciro babbar riga ya shanya ta sha iska ya mayar. Kowa ya san shi ne mai hawan jini, shi ake lallaɓawa, ita kuwa ko ciwon kai ba a san ta da shi ba. Tsakiyar damina zazzaɓi ya kama ta ranar wata Talata. Ba ta ga Lahadi ba.

Na ji mutuwar nan har cikin ƙashina. Na zauna a shago da kyamara a cinya ina kallon 'yar tagar lamba, ina tunanin cewa ita kyamara an yi mata gata, tana gaya maka saura nawa. Mu Ubangiji bai sa mana taga ba. Ranar da ke hannunka ita ka sani, kuma zai tambaye ka abin da ka ɗauka da ita.

A al'adarmu ta coci, in za a yi jana'iza akan buga 'yar takardar tsarin sujada da hoton mamaci a gaba. Hannatu, babbar 'yarsu, ta zo mini da firam ɗin nan a hannu, ido jawur. Ta ce, "Yaya Yohanna, shi ke nan hoton da take da shi. Ka yanke Baba, a bar fuskarta." Aiki ne da muka saba, a rufe gefe ɗaya da farar takarda a sake ɗauka. Na rufe Baba. Sai ga Mama Rahila tana dariya ita kaɗai, tana kallon inda ba kowa, hannunta a miƙe cikin iska. Na ce wa Hannatu mu je mai shi ya gani tukuna.

Muka same shi a falo cikin masu gaisuwa. Na durƙusa na miƙa masa hoton da takardar a kai. Ya duba, ya ce, "Wa take ma dariya a nan?" Ya sa yatsa ya zare takardar, ya ce, "A buga shi duka."

Hannatu ta ce, "Baba, singileti ce fa, har da huji. Mutane daga ko'ina za su zo."

Ya ce, "Su zo. Haka ta san ni."

Haka aka buga shi. Ranar jana'iza coci ya cika har waje, maƙwabtanta Musulmi na tsaitsaye a bakin ƙofa, kowa riƙe da Baba Ishaya da ɓawon gyaɗa a ka. Mutane na share hawaye, su dubi takarda, murmushi ya kuɓuce musu. Da aka ba shi dama ya yi magana, bai daɗe ba. Ya ce, "Shekara da shekaru ina tsayawa nan ina ce maku abin da za ku yi ku yi shi yau. Ita ta ji wa'azina, ni ban ji ba. Na san inda take, tana wurin Yesu, kuma za mu gamu. Amma abin da ta roƙe ni, a nan duniya ake yin shi, kuma ba wuya gare shi." Ya koma ya zauna.

Washegarin biso ya aiko a kira ni, ya ce in zo da kyamara. Na tarar an share ƙofar gida, an ajiye kujera biyu a gindin bedi. 'Ya'ya biyar sun cika cif, har da Bulus cikin kakinsa, ya iso ana gobe jana'iza. Baba ya fito cikin babbar rigar shadda, duk layin ninki a jikinta, tana ƙamshin akwati. Ya zauna a kujera ɗaya, ya jingina baƙin firam ɗin a ɗayar, ya gyara masa zama da hannunsa, 'ya'ya suka jeru a baya.

Na sa ido a gilashi, sai hadari ya taso ya rufe rana. Bakin mai hoto da abin da ya saba, na ce, "Baba, a ɗan jira hadarin nan ya wuce, haske ya fito."

Ya dube ni ya ce, "Yohanna, jira ya ishe ni. Ɗauka hakanan."

Na danna. Hoton ya ɗan yi duhu, amma kowa ya fito.